Mai Ciwon Ƙoda da Maganin Kashe Zogi: Abin da Ya Halatta da Abin da Ke Cutarwa

 

Tambayoyi sun yawaita a wannan shafi daga masu jinyar uba ko uwa ko miji ko mata da ciwon ƙoda ya yi wa nisa, kuma kusan duk a wuri ɗaya suke haɗuwa. Maras lafiya yana kwana yana nishi saboda ciwon baya da ƙashi da zogin ƙafafu, likita ya hana shi ƙwayoyin da ya saba sha, mai kemis na bakin layi kuma ya ce ai ƙwaya biyu ba ta kisa. Sai mai tambaya ya ce: idan na ba shi don tausayi ina da laifi? Idan na hana shi ban zalunce shi ba? Wasu kuma ta ɗaya gefen suke ɓullowa. An rubuta wa tsohonsu magani mai ƙarfi a asibiti, irin su tiramadol ko mofin, ya ce shi ba zai sha ƙwayar 'yan shaye-shaye ya je ya gamu da Ubangijinsa ba.

Amsa a taƙaice, ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa: neman sauƙin ciwo halal ne, kuma haƙƙin maras lafiya ne a kan masu jinyarsa su nema masa. Amma wanda ƙodarsa ta gaza ba ya shan komai da sunan magani, na bature ne ko na gargajiya ko wanda ake kira na Musulunci, sai wanda likitan da ya san awon ƙodarsa ya amince da shi. Wanda ya ba shi wani abu bayan ya san an hana, ya ɗauki alhaki ko da niyyarsa tausayi ce. Ga bayani.

Kokawa da ciwo ba rashin haƙuri ba ne. Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta koka da ciwon kai a gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai kwaɓe ta ba, shi ma ya ambata mata ciwon nasa kan. Abin da ke rushe lada shi ne fushi da hukuncin Allah, ba faɗin inda ke ciwo ba. Hadisin Usama bin Sharik kuma, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar, umarni ne ƙarara da a nemi magani. Saboda haka dattijon da ke cije baki ya ce wa likita lafiya lau alhali kwana uku bai runtsa ba, wai don kada ladansa ya ragu, ko tsohuwar da ke jin nauyin faɗa a gaban suruki, a gaya musu cikin ladabi cewa ɓoyewar ba ta ƙara musu komai sai wahala. Zogi ba ya fitowa a awon jini. Sai an faɗa wa likita yake sani.

Sai dai neman magani ba hukunci ɗaya gare shi ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda, a zamanta na 1992, ta bayyana cewa magani yakan zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa, yakan zama mustahabbi, yakan zama halal kawai, yakan kuma zama abin ƙi idan ana tsoron abin da zai haifar ya fi cutar da ake son kawarwa muni. Idan kuwa cutarwar ta tabbata, sai a koma ga ƙa'idar nan ta hana cuta da cutarwa, wadda Imamu Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa. Mas'alarmu a nan take zaune.

Allah Ya yi wa ɗan Adam ƙoda biyu, kowace ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba, a cikin kowace kuma akwai 'yan matatai kusan miliyan guda. A kwana ɗaya suna tace ruwa kusan lita 180 daga cikin jini, wato jarka tara irin mai cin lita 20, su mayar da kusan dukkansa jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari tare da dattin da ke ciki. Da yawa daga magungunan da muke haɗiya ta wannan ƙofa suke fita, ko su kansu ko ragowarsu bayan hanta ta sarrafa su. Likitoci sun kasa ciwon ƙoda mai daɗewa mataki biyar bisa awon jinin da ke nuna ƙarfin tacewa. Awon lafiyayye yakan kai 90 ko fiye. Idan ya sauko ƙasa da 30 an shiga mataki na huɗu, ƙasa da 15 kuwa mataki na biyar, inda ake fara zancen wankin ƙoda ko dashe. Ka tambayi likita lambar maras lafiyarka ka rubuta ta, domin da ita ake auna kowane magani.

Idan ƙofar ta ƙuntata, maganin da zai bar jikin lafiyayye cikin 'yan awoyi sai ya kwana ya wuni a jikin mai ciwon ƙoda, a ƙara masa wani a kai, ya taru ya zama guba. Wannan hanya ɗaya ke nan. Ta biyu, akwai magungunan da ita ƙodar kanta suke cutarwa, su ƙarasa ɗan abin da ya rage mata.

Dangin da ya fi shahara da wannan ɓarna ta biyu shi ne na magungunan ciwon jiki da kumburi, waɗanda babu gidan da ba a san su ba. Ka riƙe sunayensu: diklofenak, wanda ake sayarwa da sunan Cataflam ko Voltaren, ibufurofen, wato Brufen, wanda kuma yake cikin Ibucap, firoksikam, wato Feldene ko Felvin, da Indocid, da garin Alabukun, wanda asfirin ne mai yawa haɗe da kafeyin. Sunayen kamfani suna da yawa ƙwarai, don haka duk kwalin da aka ce na ciwon jiki ne ko na sanyin ƙashi, ka nuna wa likita ko ƙwararren mai haɗa magani na asibiti kafin a ɓare shi.

Yadda suke ɓarnar abin lura ne. Ƙodar da ta raunana tana dogara da wani sinadari da jiki ke yi, wanda ke buɗe 'yan jijiyoyin da ke kai mata jini. Dangin wannan sinadarin ne kuma ke tayar da zogi da kumburi a gwiwa ko a ƙugu. Maganin ba ya bambancewa. Yana toshe shi a gwiwa sai mutum ya ji sauƙi ya yi hamdala, yana toshe shi a ƙoda sai jinin da ke isa gare ta ya ragu. Bayan 'yan kwanaki fitsari ya ja baya, ƙafafu da fuska su kumbura, hawan jini ya ƙi sauka, wani gishiri da ake kira fotasiyam ya hau a cikin jini, shi kuwa idan ya yi yawa yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya ba tare da wani gargaɗi ba. Suna kuma ƙwarzane ciki har ya yi jini, ka ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ga mutumin da dama can jininsa ƙaranci yake. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Haɗarin yana ninkuwa ga wanda ke shan maganin hawan jini irin su lisinofiril ko losatan tare da ƙwayar fitsari irin Lasix, waɗanda kusan duk mai ciwon ƙoda ba ya rasa ɗaya daga cikinsu, yana kuma ninkuwa a lokacin zafin bazara ko lokacin amai da zawo, sa'ad da jiki ya bushe.

Mafi muni shi ne abin da ake kira haɗi. Ka je kemis ka ce jikina ke ciwo, a ɓallo maka ƙwaya huɗu ko biyar masu launi daban-daban a ƙulle a leda, babu kwali babu suna. Sau da yawa biyu daga ciki 'yan wancan dangin ne, a ƙara da wata mai sa kumburin fuska da hawan suga. Idan abu ya ɓaci aka kai mutum asibiti, likita ya tambayi me ya sha, babu mai iya faɗa. Haka allura. Mutanenmu sun ɗauka allura ta fi ƙwaya tsarki, alhali allurar diklofenak da ƙwayarsa abu ɗaya suke yi wa ƙoda, allurar jentamaisin kuwa da ake yi wa mutane barkatai da sunan maganin sanyi tana cutar da ƙoda, tana kuma iya taɓa ji. Kada kuma wani ya ce ai an riga an fara wanki, babu sauran abin ɓatawa. Ɗan fitsarin da mai wanki yake yi dukiya ne, shi ke rage masa taruwar ruwa tsakanin wanki da wanki, kuma ana sa masa maganin tsinka jini a kan na'ura, wanda ke ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Abu ɗaya za a keɓe: ƙaramin asfirin mai miligiram 75 da likita ke rubutawa saboda zuciya. Wannan ba na ciwon jiki ba ne, kada a tsayar da shi sai da izininsa.

Yanzu ka dubi nauyin da ke kan mai ba da shawara. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa a wata tafiya dutse ya fasa kan wani mutum, sannan janaba ta same shi, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba shi da shi. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya kai ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya jingina musu kisan, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Ka lura, mutanen nan ba mugunta suka nufa ba, kishin addini ne ya sa su. Duk da haka ba a wanke su ba. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka fitar, cewa wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da saninsa ba, lamunin abin da ya ɓata yana kansa. Wannan ya hau kan mai kemis da ya san mutum yana zuwa wanki ya kuma ƙulla masa haɗi, ya hau kan maƙwabciyar da ta ce ai ni shi nake sha kuma yana yi mini, ya hau kan ɗan da ya ɓoye wa likita abin da ya ba mahaifinsa da daddare. A Muwaɗɗa kuma an kawo cewa wani ya ji rauni, aka kira mutum biyu don su duba shi, Annabi ya tambayi wanne ya fi sanin magani a cikinsu. Ko a tsakanin masu sani ana neman wanda ya fi ƙwarewa. Likitan ƙoda a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake dashen ƙoda tun 2002, ko a duk asibitin da ake bin maras lafiyarka, shi ne wanda ya fi sani a wannan babi. Ko likitan haƙori ko na ƙashi ka je wurinsa, fara gaya masa akwai ciwon ƙoda kafin ya ɗauki alƙalami.

To me za a ba shi? Maganin da likitoci suka fi natsuwa da shi ga mai ciwon ƙoda shi ne farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol. Mutane suna raina shi don arha da sabo, amma idan aka sha shi a kan ƙa'ida, ba sai ciwo ya kai maƙura ba, yana aiki fiye da yadda ake zato. Ga babba, abin da aka saba shi ne ƙwaya biyu masu miligiram 500 a lokaci ɗaya, a bar aƙalla awa shida tsakani, kada a wuce ƙwaya shida a kwana da wuni sai da umarnin likita. Wanda ya rame ƙwarai ko yake da ciwon hanta, nasa bai kai haka ba. A kuma kula, magungunan mura da ciwon kai da yawa akwai farasitamol a cikinsu, idan aka haɗa sai lissafi ya zarce, hanta ta ɗauki dukan.

Sannan ba kowane ciwo ne ƙwayar ciwon jiki ke yi wa magani ba. Zogin ƙafafu mai kama da ƙuna ko tsirar allura, wanda ya fi damun masu suga da daddare, daga jijiyoyi yake. Maganinsa irin su gabafentin ne ko firegabalin, wato Lyrica, su kuwa ta ƙoda kaɗai suke fita, don haka likita kan ba da ɗan kaɗan ƙwarai, ga mai wanki kuma yakan ce a sha bayan an sauko daga na'ura. Adadin da wani mai suga lafiyayyen ƙoda yake sha yana iya sa naka maras lafiyar ya yi ta layi yana sambatu. Ciwon ƙashi sau da yawa daga rikicewar sinadaran ƙashi yake, gyaransa yana cikin abinci da wata ƙwaya da ake sha tare da loma, ba bayan an gama ba. Murɗewar ƙafa a kan na'ura kuma alama ce da za a gaya wa nas nan take, domin mai yiwuwa ruwan da ake cirewa ya yi yawa. Gashi da tsumma mai ɗumi, da tausa, da ɗan tattaki zuwa masallaci ga mai iko, duk suna taimakawa. Sai dai mai suga da ƙafarsa ta daina ji, kada a gasa masa da ruwan zafi, zai ƙone bai sani ba. Kada kuma a manta da abin da Muslim ya ruwaito Annabi ya koya wa Usman bin Abil As: ya ɗora hannu a inda ke ciwo, ya ambaci sunan Allah sau uku, ya nemi tsarin Allah daga sharrin abin da yake ji sau bakwai. Wannan babu adadin da zai yi wa ƙoda yawa.

Sai magunguna masu ƙarfi. Tsoron dattijon da ya ƙi su abin fahimta ne, domin mu a Kano mun ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasa har da matan aure, abin da ya kai gwamnatin tarayya ta hana yin ruwan tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Amma malamanmu na Malikiyya sun daɗe da rarrabe wannan. Imamu Alƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya bambanta a littafinsa Alfuruƙ tsakanin abu mai sa maye da nishaɗi irin giya, da mai gurɓata hankali, da mai gusar da ji gaba ɗaya. Na farkon ne kaɗai najasa, shi ne ake yi wa haddi, shi ne kuma kaɗan ɗinsa da mai yawansa duk haram. Sauran biyun, abin da aka hana shi ne adadin da ke taɓa hankali ba tare da lalura ba, har malamai suka halatta a gusar da jin mutum idan za a yanke masa gaɓa. Don haka abin da likita ya auna domin ciwo mai tsanani halal ne, mai shansa ba mashayi ba ne, jikinsa da tufafinsa tsarkakakku ne, sallarsa ta inganta matuƙar yana cikin hankalinsa. Idan barci ya ɗauke shi har lokaci ya fita, ya rama idan ya farka.

Halaccin yana tare da sharaɗi, shi ne awo. Mofin da kodin suna barin ragowa mai ƙarfi wadda ƙoda ce ke fitar da ita, ga mai ciwon ƙoda sai ta taru ta danne numfashi. Allurar fetidin ragowarta tana iya kawo jijjiga kamar farfaɗiya, shi ya sa ake guje mata. Tiramadol likita kan rage adadinsa ya kuma nisanta tsakanin sha. Wanda hukuma ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, mai 225 ɗin nan na bayan fage haram ne a doka, ga mai ciwon ƙoda kuwa ƙwaya ɗaya tana iya zama ajali. Idan ka ga maras lafiya yana barcin da ba a iya tashinsa, ko numfashinsa ya yi jinkiri, ko ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, ko jikinsa yana zabura, kada a ƙara masa ko ɗaya, kada kuma a ce aljanu ne a tsaya hayaƙi. A ɗauke shi zuwa asibiti tare da kwalin maganin. A kuma kulle irin wannan magani inda yara da samarin gida ba za su kai ba, domin amana ne.

Na zo ga inda na san wasu ba za su ji daɗi ba. Duk wanda ke zaune a Goron Dutse ya san motocin da ke tsayawa da lasifika suna tallar maganin basir da shawara da sanyi da wankin ciki, ya kuma san ƙulle-ƙullen da ake sayowa daga Kasuwar Kurmi a kai wa maras lafiya da sunan dubiya. Ba na cewa itatuwa ba su da amfani, magungunan asibiti da yawa daga itace aka samo su. Matsalar ita ce jiƙo ba shi da awo, ba a san abin da aka haɗa ba, kuma duk abin da ya shiga jini ƙoda ce za ta yi dakonsa. A farkon shekarun 1990 a ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace saboda maganin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro, wasunsu daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Dangin wannan tsiro yana nan a ƙasarmu, shi ne duman dutse. Maganin da ke sa zawo da sunan wanke datti yana busar da jiki ne, ƙodar da ke neman jini ta ƙara rasawa. Kanwa cike take da sinadarin gishiri, tana tara ruwa ta hau da jini. Ruwan maganin gyambon ciki mai kauri fari da gishirin wanke ciki, da yawansu suna ɗauke da sinadaran da ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa. Lambar NAFDAC a jikin kwalba kuma ba shaida ba ce cewa abu ya dace da mai ciwon ƙoda, ai diklofenak ma yana da lamba.

Wani zai ce: Malam, habbatus sauda fa, da zuma, da dabino, da Zamzam, da ƙaho? Mun yi imani da duk abin da ya inganta daga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a kansu. Amma shi ne kuma, a hadisin Jabir da ke cikin Muslim, ya rataya waraka a kan dacewar magani da cuta, da izinin Allah. Kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Ummul Munzir cewa ya shiga gidanta tare da Sayyidina Ali, wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba, suka tarar da dabino a rataye. Annabi ya ci, Ali ya kai hannu, sai ya dakatar da shi saboda bai gama murmurewa ba, da aka kawo abincin sha'ir da ganye ya ce masa wannan ya fi dacewa da shi. Ka ga dabino ne, a hannun Annabi, amma an hana shi ga wanda zai cutar. Dabino yana da fotasiyam mai yawa, haka ayaba da lemon zaƙi da tumatir da dankali da ruwan kwakwa da gishirin nan da ake sayar wa masu hawan jini a madadin na gida. Wanda likita ya ce fotasiyam ɗinsa ya hau, barin dabino gare shi bin sunna ne. Zamzam da ruwan tofi da rubutun sha kuma ruwa ne, suna shiga lissafin abin da aka ƙayyade masa, wanda ga mai wanki sau da yawa rabin lita ne a kan adadin fitsarin da ya yi jiya. Kurɓi ɗaya ya wadatar, albarka ba a cika kwano take ba, tofi a tafin hannu a shafe jiki kuwa shi ne abin da ya tabbata daga aikin Annabi. Ƙaho yana fitar da jini daga wanda ake fafutukar ƙara wa jini, kada a yi sai likita ya yarda, kada kuma a kusanci hannun da aka haɗa jijiya domin wanki, ba da ƙaho ba, ba da allura ba, ba da awon hawan jini ba.

Mai suga ya ƙara kula. Idan ƙoda ta yi rauni, metfomin akan tsayar da shi, Daonil da insulin kuma suna daɗewa a jiki har suga ya faɗi ƙasa warwas. Adadin bara ba lalle ya dace da bana ba.

Game da azumi, Suratul Baƙara ta ba maras lafiya sauƙi, kuma a mazhabarmu ajiye azumi yana zama wajibi idan aka ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Wanda ke mataki na huɗu ko na biyar, galibi likitoci ba sa yarda ya yi, musamman idan Ramadan ya faɗo a watannin da zafin Kano ke haura digiri 40. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya tafi a kan cewa wankin ƙoda yana karya azumi saboda suga da gishirin da ake haɗawa da jini. Wanda ba a sa ran zai iya ramawa, sai ya ciyar da mudu ɗaya na Annabi a madadin kowace rana. A wurin Malikiyya mustahabbi ne, wasu mazhabobin sun wajabta, yin sa ya fi kuɓutarwa. Wanda likita ya bar shi ya yi azumi, kada ya tattara maganin sau uku ya cusa tsakanin buɗa baki da sahur da ra'ayin kansa, a sake masa tsari a asibiti tun cikin Sha'aban.

Akwai kuma waɗanda kuɗin wanki ya gagare su, domin ƙa'ida sau uku ne a mako, awa huɗu kowane zama, gidaje kaɗan ne ke iya ɗaukar wannan. Akwai tsofaffin da likita da iyali suka ga wankin ba zai ƙara musu komai ba sai wahala. Irin waɗannan kada a ce tunda an bar wanki an bar asibiti. Har yanzu akwai maganin zogi da na ƙaiƙayi da na tashin zuciya da na sarƙewar numfashi da za a auna musu. Kada kuma wani ya ce tunda tafiya ta zo a ba shi duk abin da ya samu. Ƙara adadi da nufin gaggauta mutuwa kisa ne, ko maras lafiyar ne ya roƙa, Suratun Nisa'i ta hana mutum kashe kansa. Amma adadin da likita ya auna da nufin sauƙaƙa ciwo, idan ajali ya zo a kansa, babu laifi a kan wanda ya miƙa. Mai zuwa dubiya kuma, maimakon ƙullin magani, ya kawo kuɗin mota ko gudummawar wanki ɗaya. Maras lafiyar da jinya ta talauta yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su.

Ranar komawa asibiti, ki tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, ƙwayoyin asibiti da na kemis da man shafawa da kwalbar jiƙo da garin da aka kawo daga ƙauye, ki zube a gaban likita ba tare da jin kunya ba. Mutum ɗaya a gidan ya riƙe ba da magani, yana rubuta lokaci a takarda, domin inda 'ya'ya ke karɓa-karɓar kwana akan ba da na dare sau biyu kowa yana zaton ɗan'uwansa bai ba da ba. Idan amai ko zawo ya kama shi, a tuntuɓi likita a ranar, saboda akwai magungunan hawan jini da na fitsari da ake dakatarwa har jiki ya dawo. Idan fitsari ya ɗauke, ko numfashi ya sarƙe har ba ya iya kwanciya, ko bayan gida ya yi baƙi, ko ya fara rikicewa, wannan ba ya jiran wayewar gari.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri. Allah ne Mafi sani.